Za mu yi baje-kolin Sallah a filin firamare, izinin wa ake nema?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan abin. Mu goma sha takwas ne a ƙungiyarmu ta adashi a nan Kano, kowacce da 'yar sana'arta a cikin gida: masu turaren wuta da humra, masu atamfa da leshi, masu dubulan da alkaki, ni kuma dambun nama da zoɓo nake yi. Bana muka ce maimakon kowa ta yi ta ɗora hoto a WhatsApp tana jiran mai saye, mu haɗu wuri ɗaya Asabar da Lahadin da Babbar Sallah za ta biyo bayansu, mu kafa rumfuna a filin firamaren unguwarmu. Hedimasta ya ce ba matsala. Har mun ba da kafin alƙalami na kanofi shida da kujeru da janareta.

Mutum huɗu daga cikinmu za su yi suya a wurin da tukunyar gas, awara da dankali da wainar fulawa. Sannan shugabarmu ta ce a yammacin Lahadi mu raba wa marayu shinkafa da kayan sawa, a sanar a masallatai don jama'a su zo.

Jiya maigidana ya tambaye ni wa ya ba mu izini, na ce hedimasta. Ya girgiza kai ya ce filin ba na hedimasta ba ne. Wallahi ban runtsa ba, don ni ce ma'aji, sunana ne a kan rasit ɗin kanofin. Ina za mu dosa?

Abu Sadiq

Wa alaikumus salam Hajiya. Maigidanki ya yi gaskiya. Na yi aikin ƙaramar hukuma har na yi ritaya. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ƙananan hukumomi ya ba kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da shaguna da wuraren sayar da abinci. Kasuwarku ko ta kwana biyu ce, a hannunsu take.

Ku fara da mai unguwa, shi zai haɗa ku da dagaci, kada ku tsallake su. Filin firamare kuma sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ne zai sa hannu, maganar baki ba ta isa ba. Ku rubuta takarda mai ɗauke da ranakun, da lokacin buɗewa da tashi, da yawan rumfuna, da mutum biyu da za a nema in wani abu ya taso. Ku kai ɗaya sakatariya, ɗaya ofishin DPO na yankinku, kowacce a buga muku hatimi a kan kwafinku. Kuɗin da aka ce ku biya, kada ki miƙa wa kowa sisi sai da rasit ɗin gwamnati. Masu suya su shirya wa zuwan duba-gari: zai duba ruwan da ake aiki da shi, da rufe abinci, da wurin zuba shara, yana iya neman takardar gwajin lafiyar masu girki. Zoɓonki in a jarka ne ana zubawa a kofi, tsabta kawai za a duba, amma ranar da kika fara ɗura shi a roba da tambari kina kai wa shaguna, kin shiga hurumin NAFDAC.

Baba Ɗan Kasuwa

'Yata, Malam ya gama maganar takarda, ni maganar wuta zan yi miki. Ina cikin waɗanda suka kwana a tsaye a bakin kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, lokacin da gobara ta tashi cikin dare ta cinye dubban shaguna. Har yau in na ji ƙaurin roba gabana faɗuwa yake. Abin da ban manta ba shi ne teburanmu. Mu da hannunmu muka cika layuka da tebura da kwalaye, kowa yana ƙara taku ɗaya a gaban shagonsa, har hanyar da mota za ta bi ta koma ta mai baro. Da wuta ta zo, 'yan kwana-kwana suna nan da ruwansu, isa ciki ya zama aiki.

Saboda haka ki je filin nan tun kafin a kafa komai, ki tsaya a bakin ƙofa ki duba. Ƙofa nawa ce? Firamare da yawa babbar ƙofa ɗaya ce da 'yar ƙarama da aka garƙame da kwaɗo, makullin yana aljihun maigadi. A buɗe duka biyun tun safe, kada a bar mai adaidaita ko mai lemo ya tsaya a bakinsu. Masu suya ki kai su can gefe guda, a fili, nesa da atamfa da leshi, nesa da masu turaren wuta, su ma ai garwashi ne a gabansu. Kanofin nan leda ce, ɗiga take yi a kan mutum in ta kama. Kowace tukunyar gas a shafa mata ruwan sabulu a wuya da bakin tiyo, in ya yi kumfa tana yoyo, a mayar da ita gida. Mai in ya kama wuta a kasko ba a watsa masa ruwa, tashi zai yi sama. A kashe gas a kifa murfi. Ku nemi tulun kashe gobara mai hoda ko da biyu, da bokitin yashi, kuma a samu wanda ya taɓa zare fil ɗin ya matsa da hannunsa. Janareta a kashe shi ya huce kafin a ƙara masa fetur. Mai jona wuta ya zama mutum ɗaya wanda ya iya, ba kowace rumfa da nata yaron ba.

Ki leƙa ofishin kashe gobara mafi kusa da ku ki faɗa musu ranar, ki karɓi lambarsu. Ki rubuta ta da lambar kiran gaggawa ta 112 a kwali ki manna a ƙofa.

Ummu Khalil

Yaya, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma rabon shinkafar nan ne ya sa na kasa wucewa. Don girman Allah kada ku sanar. Ranar 18 ga Disamba 2024 a Ibadan, a filin wata makaranta kamar naku, yara 35 suka rasu a turmutsitsi wurin taron da aka yi alkawarin rabon kuɗi da abinci. Kwana uku bayan nan aka sake yi a Okija ta jihar Anambra da kuma Maitama a Abuja. Waɗanda suka shirya na Ibadan har da shugaban makarantar sai da aka gurfanar da su a kotu, 'yan sanda kuma suka gargaɗi masu irin wannan rabo da su riƙa sanar da hukuma tukuna. Duk niyyar alheri ce ta tara mutanen. A irin halin da ake ciki, kin tanadi na mutum hamsin, ɗari biyar za su zo, kuma a bakin ƙofa ake mutuwa, na baya suna turowa ba su san na gaba numfashi ya ɗauke ba. Ku karɓi sunayen marayun wurin mai unguwa da liman, ku kai musu har gida da daddare.

Ɗan Autan Mama

Ni tsorona kada yawon ofis ya cinye ribar. Mahaifiyata ta shekara ashirin tana tuyar ƙosai, kuɗin tikiti kala-kala take biya, ba wanda ya taɓa zuwa ya nuna mata yadda ake duba tukunyar gas. Ku haɗa kuɗin izinin ku raba goma sha takwas tun yanzu, kada ya faɗo kan Hajiya ita kaɗai.

Maman Ilham

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan iyaye. Baba, na bi maganarku, yau da hantsi na je filin. Ƙaramar ƙofar ba kwaɗo kaɗai ba ne, an jibge karyayyun bencina a bayanta har sun kai min kafaɗa, maigadi ya ce rabon da a buɗe ta tun kafin ya kama aiki. Na ɗauki hoto na tura wa 'yan ƙungiya, ba wadda ta yi musu. Maganar rabo kuwa shugabarmu ba ta ji daɗi ba da farko, sai da na karanta mata abin da Ummu Khalil ta rubuta, ta yi shiru, ta ce a kai gida-gida. Mai unguwa ya ce mu zo bayan La'asar gobe da takardar. Malam Abu Sadiq, ta sakataren ilimi da ta DPO, da Hausa za mu rubuta ko dole sai da Turanci?