Cizon Ilham da rigimar "'yar aiki" a zauren iyayen yara na Zariya

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida. Wallahi raina a ɓace yake tun jiya. Ilham shekararta uku da wata biyu, tana naziri 1 a wata makaranta nan Tudun Wada, ba zan kama suna ba. Jiya Laraba na ɗauko ta ƙarfe ɗaya, muna isa gida ina cire mata riga sai ga shatin haƙora a damtsenta na hagu, sama da ƙasa, wurin ya tara jini. Wandonta kuma fitsari ya bushe a jiki har yana zarni. A bakin get babu wanda ya ce min uffan. Yau da safe na koma na ce ina son ganin mai makaranta, aka ce ta tafi Kaduna. Hedimasta ya miƙo min wani littafi mai baƙin bango, wai in rubuta ƙorafina. Na buɗe, ƙorafin ƙarshe tun na bara ne, gurbin da aka ware don matakin da aka ɗauka kuwa fayau. Na ce to a kira min 'yar aikin ajin in ji daga bakinta, wai dokar makaranta ta hana iyaye magana da ma'aikata sai ta ofis. Dubu 45 nake biya duk zango ban da littattafai da yunifom. Don Allah haka ake yi ko'ina, ko ni aka raina?

Ummu Sadik: Subhanallahi. Allah ya huci zuciyarki Maman Ilham, Allah ya ba ta lafiya.

Anti Rabi: Sannu Maman Ilham, ya jikin yarinyar? Amma don Allah wace ce 'yar aikin ajin?

Maman Ilham: Wadda ke kula da su mana, mai kai su banɗaki.

Anti Rabi: To ba 'yar aiki ba ce. 'Yar aiki a gidanki take. Shekarata 9 ina wannan aikin a Sabon Gari, ina da shaidar koyarwa ta NCE daga kwalejin ilimi ta FCE Zariya, kuma da hannuna nake wanke wa yaran mutane kashi. Yaran suna ce min Anti, iyayen kirki suna ce min Malama. Wannan kalma da kika faɗa ita ce abin da ke kashe mana gwiwa.

Maman Ilham: Ikon Allah. Ni ban zagi kowa ba fa. Ba aiki take yi ana biyanta ba?

Malam Sabo (Samaru): In haka ne, Hajiya, ni ma ɗan aiki ne, gwamna ma ɗan aiki ne. Amma kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi in aka ce 'yar aiki: yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana wanke-wanke da shara. Ma'aikaciya daban, 'yar aiki daban.

Maman Twins: Malam Sabo a bar mu da nahawu. A yawancin makarantun nan mutum biyu ne a aji, akwai mai koyarwa akwai nani. Nani ba malama ba ce, ko ABCD ba ta koyarwa. Me za a ce mata, farfesa?

Anti Rabi: A ce mata mai raino. Kalmar tana nan a Hausa tun kafin a haife mu. Kuma wa ya gaya miki mutum biyu ne? Ajina yara 34, ni kaɗai. Ni ce mai allo, ni ce mai buta, ni ce mai rarrashi. Ki ɗauki ɗaya zuwa banɗaki, kafin ki dawo wani ya ciji wani. Da ido nawa aka halicce ni?

Malam Sabo (Samaru): Yawwa, ga inda gizo ke saƙar. Kundin manufofin ilimi na ƙasa, bugun 2013, cewa ya yi a naziri malami ɗaya ga yara 25, a ɗakin rainon jarirai kuwa mutum ɗaya ga yara 10. Kuma NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya. Wanda ya tara 34 ya saɓa tun kafin a yi cizo.

Abban Khalifa: Malam kawo shafin mu gani.

Malam Sabo (Samaru): Yana ofis, gobe in Allah ya kai mu.

Abban Khalifa: Kullum yana ofis.

Alhaji Ɗan Kano: Zage-zagi ke nan! An ciji yarinya, ku kuna neman lambar shafi. Da a Kano ne da tuni an je an yi ta ta ƙare, an sha shayi.

Maman Twins: Alhaji ka koma Kantin Kwari ka auna yadi, maganar ilimi ake yi.

Alhaji Ɗan Kano: Ranki ya daɗe, da kuɗin yadin nake biya wa 'ya'yanku na wajen ƙanwarku kuɗin makaranta.

Hajiya Babba: Ni ina da makaranta, kowa a gidan nan ya sani, don haka bari in faɗi abin da ba a so. Mai cewa 25 ya zo ya riƙe makaranta wata uku. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya ninka: haya, alli, ruwan da muke saye a kura, man janareta. Ka ƙara dubu biyar a kuɗin zango, uwa ta kwashe 'ya'yanta ta kai makwabta. Yanzu haka sulusin iyayena ba su gama biyan zangon da ya wuce ba, kuma su ne masu dogon ƙorafi. Dokar hana iyaye tunkarar ma'aikata ni ma ina da ita. Na kafa ta ne ranar da wata uwa ta shigo aji ta kwaɗa wa antinmu mari a gaban yara, saboda an sauya wa ɗanta robar abinci. Robar abinci fa. Wadda ke kallon ma'aikaciyata a matsayin 'yar aikinta, gobe hannu za ta ɗaga.

Maman Ilham: Hajiya da girmanki, yanzu ni ce mai mari? Ni tambaya na je yi.

Hajiya Babba: Ban ce ke ba, 'yata. Misali na kawo.

Anti Rabi: Hajiya na gode da kariyar, amma tunda an zo nan a ƙarasa. Ku ne kuke fara mayar da mu 'yan aikin. Albashina dubu 22. In na makara minti goma a yanke 500, ko da ruwan sama ne ya tare ni a Kwangila. In yaro ya ɓatar da takalmi a cire a kuɗina. Iyaye ko banza suna da littafi mai baƙin bango. Mu ina namu littafin? Ranar da na ce a ƙara min mataimakiya, cewa aka yi ga ƙofa nan, masu NCE suna layi a waje.

Hajiya Babba: Ba a makarantata ba.

Anti Rabi: Ban ce taki ba, Hajiya. Misali na kawo.

Abban Khalifa: Dubu 22? Ba a 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi dubu 70 ba? Kaduna ma 72 ta ce. Wannan ai kotu ce kawai.

Barista: Ka yi a hankali Abban Khalifa. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin ƙananan makarantun unguwa ba su kai ba. Shi ya sa suke sakata suna wala.

Abban Khalifa: To dokar wa aka yi wa ke nan?

Maman Nana Kayan Mata: Assalamu alaikum, sabbin atamfofi da leshi sun iso, akwai turaren wuta na Maiduguri. Muna kaiwa har gida cikin Zariya.

Admin (Yaya Asabe): Maman Nana, talla ranar Asabar ce. Na goge hotunan.

Malam Ilu (Ƙofar Doka): Ni duk ban ga abin jayayya ba. Yarinya 'yar shekara uku me take nema a makaranta? Mu a cikin birni sai da muka iya wanke kanmu aka kai mu makarantar allo, boko kuwa sai hannunka ya zagaya kai ya taɓo kunne. Yanzu uwa na yaye yaro sai ta rataya masa jaka ta miƙa wa wata, ta dawo ta kama waya. In kin ba wata rainon da yake wajibinki, to lallai kin ɗauki 'yar aiki, Maman Ilham ba ta yi ƙarya ba. Laifin na wanda ya kai ne.

Maman Twins: Malam Ilu, ni nas ce a asibitin Shika. In na zauna a gida, ranar da aka kawo iyalinka haihuwa wa kake so ya karɓe ta, namiji? Ku ne masu cewa sai mace, ku ne masu cewa mace ta zauna.

Malam Ilu (Ƙofar Doka): Ban da masu lalura. Amma nawa ne nas a cikinku?

Ummu Sadik: Da can akwai kaka da gwaggo a gida ɗaya, Malam. Yanzu kowa yana haya ɗaki biyu a Gyallesu ko Hanwa, wa za a bar wa?

Malam Ilu (Ƙofar Doka): Wa ya ce ku fita daga gidan gado? Kun ce ba kwa zama da uwar miji.

Maman Twins: To fa. An zo wurin.

Ummu Sadik: Malam kada ka sa in yi magana. Na zauna da uwar miji shekara shida, na san abin da na gani.

Maman Ilham: Jama'a an bar jaki ana dukan taiki. Ni fa cewa na yi an ciji 'yata, an bar ta da fitsari, ba a gaya min ba. Me zan yi?

Barista: Maman Ilham, ki ɗauki hoton wurin yau kafin ya baje. In fatar ta fashe ki kai ta a duba, cizon mutum yana iya ruruwa. Ki bar littafin nan, ki rubuta wasiƙa kwafi biyu da kwanan wata, su sa hannu a ɗaya ki riƙe. Abu uku za ki tambaya: me ya faru, me ya sa ba a sanar da ke ba, yara nawa ne a ajin. Kada ki nemi sunan yaron da ya yi cizon, a wannan shekarun yara suna yi, kuma rigimar iyaye za ki tayar. Ki ba su mako guda. In shiru, shugaban PTA. In shiru, akwai hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jiha, ita ke sa ido kan masu zaman kansu.

Hajiya Babba: Haba Barista, daga cizo sai hukuma? So kake a rufe wa mutane wurin cin abinci? Yaro da yaro ne fa.

Anti Rabi: Kuma in wasiƙar ta isa, kun san wa za a kora? Ba hedimasta ba, ba mai makaranta ba. Wannan baiwar Allah da aka kira 'yar aiki ita za ta tafi, a kawo wata a ba ta yara 34 ɗin.

Maman Twins: To ta yi aikinta mana. Cizo na yarda, ƙiftawar ido ne. Fitsarin da ya bushe a jiki fa? Wannan awa nawa ne? Mai NCE ba ta jin zarni?

Anti Rabi: Uwar ta sa wandon canji a jaka? A tambaye ta. Rabin iyaye ba sa sawa, sai indomi da biskit.

Maman Ilham: Biyu nake sawa kullum! Suna nan a ninke yadda na sa su.

Abban Khalifa: Ni wannan NCE da ake ta yi mana gori da ita. Ba a jihar nan aka yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu a 2017 ba, sama da dubu 21 suka faɗi? Su ma ai da takardunsu. Da yawa daga waɗanda El-Rufai ya sallama makarantun kuɗi suka koma.

Malam Sabo (Samaru): Wannan na ƙarshen ina hujjarka?

Abban Khalifa: Tana ofis, kusa da shafinka.

Malam Ilu (Ƙofar Doka): Kada a kawo sunan mutumin nan a nan. Ƙanena yana cikin waɗanda aka kora, shekara 19 yana koyarwa, har yau bai farfaɗo ba.

Abban Khalifa: Allah ya ba shi mafita, amma gyara aka yi.

Malam Ilu (Ƙofar Doka): Gyaran gangar auzinawa.

Alhaji Ɗan Kano: Daga damtsen Ilham an isa gidan gwamnati. Zazzau ikon Allah.

Anti Rabi: Ni dai har yanzu ban ji an janye kalmar ba.

Maman Ilham: Ba zan janye ba. Da niyyar janyewa nake, amma tunda an mayar da ni mai laifi, an ce ban sa wando ba, an ce mai mari ce ni, an ce na ƙi raino, to 'yar aiki na ce, a kai ni inda za a kai ni.

Ummu Sadik: Haba Maman Ilham, ki yi haƙuri. Anti Rabi ke ma ki bari, zafin ɗa ne.

Anti Rabi: Mu ma mun haifa.

Admin (Yaya Asabe): To jama'a ya isa, saƙo ya haura 200 tun azahar, har an fara taɓa siyasa. Ga abin da aka cimma. Na farko, kusan kowa ya yarda kalmar 'yar aiki ba ta dace ba, kuma muna fata 'yar'uwarmu za ta sake tunani in ta huce. Na biyu, kamar yadda Hajiya Babba ta yi bayani mai gamsarwa, masu makarantu suna cikin matsi, iyaye su riƙa biyan kuɗi kan lokaci kafin su ɗaga murya. Ni shaida ce, na yi shekara huɗu ina riƙe mata lissafi, na san abin da ake sha. Na uku, cizo tsakanin yara ba sabon abu ba ne, ba a kai shi hukuma, a bi ta ofis cikin mutunci a rubuta a littafin da aka tanada. Maganar albashi ba hurumin wannan gida ba ce, kowa da yarjejeniyarsa. Malam Ilu ya kawo nasiha mai kyau ga iyaye mata. Maman Ilham, Allah ya ba Ilham lafiya, ki riƙa duba jakarta da safe. Na rufe gida zuwa bayan isha'i.

Barista: Yaya Asabe, "kusan kowa" su wa ke nan? Na ƙirga mutum uku. Kuma ina maganar yara 34?

*Admin ta sauya tsari: shugabanni kaɗai ke iya aika saƙo.*

*Maman Ilham ta fita.*

*Anti Rabi ta fita.*