Sujadar dole a jami'a: tarbiyya ce ko takura?

Saratu: Jama'a ku taya ni ji. Ƙanena yana aji biyu a wata jami'a ta coci. Ya kwana karatun jarrabawa, ya makara sujadar safe, ya tarar an ja ƙofar majami'a, mai rajista ya sa masa jan biro. Yanzu an aiko wa Baba takarda. Karatu muka kai shi da kuɗinmu, sai ga shi an mai da yaro fursuna.

Ishaya: Fursuna? Haba Saratu. Kin taɓa leƙa gidan yari? Ki janye wannan kalma.

Saratu: Wanda aka kulle wa ƙofa ana ƙirga shi kamar akuya, me sunansa?

Malam Sabo: 'Yar'uwa, ku kuka sa hannu a takardar dokoki ranar shiga. Fursuna ba ya zaɓen gidan da za a kai shi.

Bulus: Gaskiya ne Malam. Kuma FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista da aka kafa a Gindiri a 1957, ta raini mutane da yawa. Mu da muka yi makarantar kwana, ƙararrawar asuba ce ta gyara mu.

Hadiza: Amma FCS ba ta riƙe rajista, Bulus. Haka MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, tun 1954, da ƙafarka kake zuwa. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ga masallaci ga majami'u, ran Juma'a da Lahadi ba wurin sa ƙafa, kuma ba wanda ke duba sunan kowa.

Ishaya: Hadiza, maganar coci ce, me ya kawo MSS ciki?

Hadiza: Zauren nan na kowa ne, Yaya Ishaya.

Malam Sabo: Kuma MSS ta girmi FCS da shekara 3, a rubuta.

Bulus: Wa ya tambayi shekaru?

Saratu: Ko Jami'ar Harvard ta Amurka, da fastoci suka yi ta jagoranta, ta daina tilasta addu'ar safe tun 1886.

Ishaya: Shi ya sa suka lalace! Kuma har yanzu ba ki janye fursuna ba.

Bulus (mai kula da zaure): To a tsaya nan. Abin da aka cimma shi ne sujada tana gyara yara, kalmar fursuna kuma ta yi tsauri. Saratu, ki ce wa ƙanenki ya riƙa saita ƙararrawar wayarsa.

Hadiza: Da wa aka cimma wannan?