Shaidar sababbin masu bi a bidiyo: mu nuna fuskokinsu ko mu ɓoye?

Mai kyamara, Yamai

Salama a gare ku, iyaye da ƴan'uwa. Mu uku ne muke riƙe da wani ɗan ɗakin haɗa bidiyo a nan Yamai, kuma aikinmu duka na ikkilisiyoyi ne, wato wa'azin Lahadi, waƙoƙin zumuntar mata da wasan kwaikwayon yara na Kirsimeti. Kayanmu ba su wuce kyamara biyu, kwamfuta ɗaya da ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga ba.

Wata ikkilisiya a jihar Tawa ta gayyace mu mu ɗauki baftismar da za ta yi bayan Ista, mu kuma ɗauki shaidar mutum bakwai daga cikin waɗanda za a yi wa. Huɗu daga cikinsu ba a gidan Kirista aka haife su ba. Dattawan ikkilisiyar suna so a sa bidiyon a Facebook, a kuma aika wa masu tallafa musu a ƙasashen waje, sun kuma ce dukansu bakwai sun yarda. Abokin aikina yana ganin tunda masu fuskar sun yarda, namu ɗauka ne kawai, sauran magana ta fasto ce. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, domin mu za mu koma Yamai, su ne za su ci gaba da kwana a garin. Yaya kuke yi da irin wannan aiki?

Tambaya ta biyu ƙarama ce. Majami'ar rufin kwano ce, kuma duk lokacin da muka yi ɗauka a irin wannan gini, murya tana amsa kuwwa har ba a gane abin da mai wa'azi yake faɗa.

Injiniyan sauti, Yamai

Ɗan'uwa, bari in ɗauki mai sauƙin. Kada ka dogara da makirufon da ke jikin kyamara. Ka ja waya daga na'urar haɗa sauti ta majami'ar zuwa abin naɗinka, ka kuma roƙi mai piyano ya sassauta tun kafin a fara sujada. Shaida kuwa kada ka ɗauke ta cikin majami'a, ka nemi ɗakin ƙasa ko ɗaki mai labule da katifa, ka sa makirufo kusa da baki kamar taƙi ɗaya. Mutanenmu suna haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar magana ta ƙi fita, sai su wuce.

Ka saita kyamara a kan hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, saboda kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, yana kaɗawa ne sau 50 a daƙiƙa, in ba haka ba za ka ga hasken fitila yana rawa. A watan Afrilu zafin Tawa yana haura 40, kyamara tana iya mutuwa da kanta, don haka ku yi ɗauka da sassafe, ku ajiye gurup, wato injin ba da wuta, nesa da taga. Idan kun gama, ku rage nauyin bidiyon da manhajar HandBrake, domin yawancin masu kallo a waya za su gan shi, ta WhatsApp ko Xender. In za ku rubuta fassara a ƙasan hoto, ku zaɓi rubutu irin Andika ko Charis, waɗanda suke fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ daidai.

Game da tambayarka ta farko, abu ɗaya zan faɗa a matsayina na mai sana'a: dushe fuska ba ya ɓoye mutum a ƙauye. Muryarsa, tsagar goshinsa idan hoto bai dushe sosai ba, zanen matarsa, har bishiyar da ke bayansa duk suna tona shi.

Fasto mai ritaya, Galmi

Ɗana, na ji daɗi da zuciyarka ta ƙi kwanciya, kada ka tilasta mata.

Ikkilisiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, asibitin Galmi yana aiki tun 1950, kuma mafi yawan waɗanda suke zuwa neman magani a can Musulmi ne, maƙwabtanmu da danginmu. Muna zuwa sunansu da jana'izarsu, suna aiko mana naman layya, muna aika musu abincin Kirsimeti. Wannan zama an gina shi ne da sanin abin da ake faɗa a tsakar gida da abin da ake faɗa a kasuwa. Kuma duk wanda yake da wayo a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 ya ga yadda aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, abin da babu Kiristan Nijar ko ɗaya da yake da hannu a ciki. Ban kawo wannan don in tsorata ka ba, domin a ranakun nan ma akwai Musulmin da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. Na kawo shi ne don ka tuna cewa hoto yana isa inda mai shi bai aike shi ba.

Ka ce sun yarda. A gaban wa suka yarda? Bahaushe ba ya cewa a'a a gaban faston da ya ba shi masauki, balle yana cikin murnar baftisma. Wannan kunya ce, ba lallai yarda ba ce. Idan kana son yardar gaskiya, ka zauna da kowane ɗayansu shi kaɗai, babu fasto babu dattijo, ka gaya masa a fili cewa kawunsa da surukinsa za su iya ganin bidiyon, kuma da zarar ya shiga wayoyin mutane, ko ku da kuka haɗa shi ba ku iya janye shi. Ka bar shi ya yi makonni yana tunani. In ya nace, ka nuna masa abin da kuka haɗa kafin kowa ya gani.

Sannan ka kula da abin da ke cikin shaidar. Mutum ya faɗi abin da Yesu Almasihu ya yi masa, wannan shaida ce. Ya shiga aibata addinin iyayensa, wannan zafin sabon shiga ne, shi da kansa zai ji kunyarsa nan da ƴan shekaru, kuma almakashi yana hannunka. Maganar masu tallafi na waje kuwa, ni ban yarda a sa ɗan mutane a gaba don a cika rahoto ba. Wasiƙa ta ishe su.

Uwar zumuntar mata, Tawa

Baba Fasto ya faɗi gaskiya, amma da izininsa zan ƙara wani gefe. Idan kullum ɓoyewa muke yi, yaranmu za su tashi suna zaton Kiristanci kayan baƙi ne daga Benin da Togo, alhali Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932. A jihar nan akwai tsofaffi waɗanda garinsu duka ya san su Kirista ne tun kafin a haifi mai tambaya, kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da labarinsu da waƙoƙinsu. Su ya kamata kyamara ta fara nema, domin ba su da abin da za a tona.

Cikin mutum huɗun nan, idan akwai mace, ɗana, ka ninka hankali. Namiji yana iya tafiya cirani har ƙura ta lafa, mace kuwa aurenta da ƴaƴanta ne a kan faifai. Wanda bai kai shekara 18 ba, kada ka ɗauke shi sai da iznin iyayensa.

Mai kyamara, Yamai

Baba, Mama, na gode, Ubangiji ya saka. Na karanta wa abokan aikina amsoshinku, mun kuma kira faston. Ya yarda mu ɗauki waƙoƙi da wa'azi, a kashe kyamara lokacin da mutum huɗun za su shiga ruwa, shaidarsu kuma a naɗa murya kawai, ta zauna a hannun masu ita. Bai yarda da maganar masu tallafi ba tukuna, ya ce sai dattawa sun zauna ranar Laraba. Mama, idan za ki iya haɗa mu da biyu ko uku daga cikin tsofaffin da kika ambata, za mu ƙara kwana ɗaya a Tawa kafin mu kamo hanyar Konni.