Tsakar gidanmu a Gadarif ko inuwa babu, me zan shuka?

Maman Usman:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Bara bayan damina muka tare a namu gidan nan Gadarif ta Sudan, Alhamdulillahi an huta da haya, amma fa tsakar gidan fili ne fetal, zai kai mita 12 a 9, ba itace ko ɗaya sai rakuba, wato rumfa, guda ta zana da muka kafa. Afrilu da Mayun da suka wuce wlh mun ji jiki, ƙarfe 10 na safe yara basa iya taka ƙasa, ga innar maigida tsohuwa ce ta saba zaman gindin itace, yanzu wuni take a ɗaki tana fifita, abin na damuna sosai.

Kun san ƙasarmu, baƙar laka ce, da rani ta tsattsage har hannu na shiga, da damina kuma caɓi takalmi na maƙalewa. Ruwa saye muke wajen masu amalanken jaki, ga awaki biyu. Maigida yace a malale siminti ko'ina a jera itacen damas jikin katanga shikenan, ni kuma hankalina bai kwanta ba, ina son in ga kore a gidana in tsinki ganyen miya da hannuna. Me zan shuka wanda baya cin ruwa da yawa, kuma a wane wuri?

Baba Mai Lambu, Kasala:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki roƙi maigida da girman Allah ya bar maganar damas ɗin nan. Gaskiya yana saurin girma kuma kore shar duk shekara, shi yasa mutane ke sonsa, amma saiwarsa bin ruwa take duk inda yake, ta shiga bututu ta shiga masai ta ɗaga daɓe, na sare su a gidajen mutane ba adadi. Muskit kuma, itacen ƙayar nan, ko da kansa ya fito ki tumɓuke tun yana ƙarami, mu nan bakin kogin Gash mun san abin da ya yi wa gonaki, tun 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi har yau ana fama.

In inuwa kike so dalbejiya guda ɗaya ta ishe ki, nim ɗin nan da kowa ya sani. Ki sa ta ta yamma saboda ranar la'asar ce mai dafa ɗaki, amma ki ba ta tazarar mita 5 ko 6 daga gini. Dalili shine wannan laka taku kumbura take in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, to itace babba in yana kusa da bango sai ya zuƙe danshin gefe ɗaya, ƙasan ta zauna, bango ya tsage. Mutane sai suce magini ne bai iya aiki ba alhali itacen ne.

Wajen shuka ga inda ake kuskure. A laka in kika haƙa rami mai zurfi kika cika da yashi zalla kin yi randa kenan, ruwan sama zai taru a ciki saiwa ta ruɓe. Ki haƙa mai faɗi, zurfin gwiwa ya isa, ki cuɗa ƙasar wajen da yashi da takin awakinki wanda ya kwana biyu ya ruɓe, ɗanyen taki ƙona saiwa yake, sannan ki ɗan yi tudu ki dasa a kai. Ki jira ruwa ya zauna a Yuli, wata uku sama ce zata shayar miki kyauta, kafin rani ya shigo ya kama ƙasa. Ki ƙara lemon tsami guda, ki nemi mai aure, wato wanda aka haɗa reshensa da wani tushe, a mashtal inda ake sayar da dashe, shekara 3 zuwa 4 ya fara 'ya'ya, na ƙwallo yana daɗewa. Dabino kam ki bar wa mutanen Dongola da Karima can arewa, baya son ruwan Gadarif da lakarta.

Inna Mai Wurno:

Maman Usman sannu da ƙoƙari, Allah ya sa gidan zama ne na alheri. Duk abin da Baba ya faɗa haka ne, sai dai dalbejiya ba yau zata ba tsohuwa inuwa ba, ita kuma yanzu take buƙata. Ki shuka soso a gindin kowace dirka ta rakubar nan da ruwan farko, kafin wata biyu ya haye ya rufe saman, ƙasan yayi sanyi kamar ba Gadarif ba, ki sa mata angareb, gadon igiya, a nan ta sha jabanarta, wato gahawa, ƙarshen damina kuma ki samu soson wanka. Zogale ki jera kamar 4 ta bayan madafa, in ya kai ƙirji ki datse kan ya yi rassa, in ba haka ba zai tafi sama ganyen ya fi ƙarfin hannunki. Lalle kuma shine shingen da nake so, baya neman ruwa sosai, ga ƙamshin furensa da dare, ga na ƙunshi ba sai kin saya ba.

Maganar ruwa, mu mata mun fi sanin inda yake zubewa. Ƙarƙashin zir ɗinki, randar ruwan sha, kullum yana ɗiga ai, ki ajiye tsohuwar roba da ƙasa ki sa na'ana'a. Wurin alwala ki ja 'yar hanya zuwa gindin lemon. Ruwan wankin shinkafa da na ganye duk na shuka ne, na omo dai kar ki zuba wa abin da za a ci. Ni tulun ƙasa nake binnewa gefen itace har wuya in cika in rufe bakin, a hankali yake tsatsa wa saiwa, sai yayi kwanaki ban ƙara ba. Rufewar nan dole ce fa, kun ga yadda zazzaɓin dengi ya yi da mutane a garinku a 2023, sauronsa a ruwan da aka ajiye a gida yake ƙyanƙyasa.

Ɗan Jidda:

Anti ni aikin lambu nake a gidaje nan Jidda shekara 9 kenan. Baba Mai Lambu yayi gaskiya kan damas, nan ma cire shi ake. Amma siminti kar ku ƙi shi gaba ɗaya, maigida na da hujja, caɓin damina ba wasa bane ga tsohuwa. Ku yi hanya siririya ta bulo ko tsakuwa daga ƙofa zuwa ɗakuna da bayan gida, ku karkata ta ruwa ya gangara wajen itatuwa, sauran ku bar ƙasa. Siminti ko'ina zafi yake riƙewa ya sako shi da dare lokacin da kuka fito da gadaje waje, kuma a kan lakar nan fashewa zai yi. Ciyawar ado irin ta filin ƙwallo ki manta da ita, ruwan saye bazai riƙe ta ba. In fure kike so jahannamiyya (bougainvillea), mai yaɗon nan da furenta kamar takarda, ta isa, rana take so da ƙishi, in kin cika mata ruwa ma ganye zata yi ba fure. Furen wardil hamir (oleander) kuma kar ya shigo gidan da ke da yara da awaki, guba ne ganyensa da furensa duka.

Baba Mai Lambu, Kasala:

Na manta awakin. Akuya ɗaya a minti 5 zata gama da aikin wata 6, a kewaye kowane dashe da waya ko ƙaya kafin a dasa, ba bayan ta ci ba. Kuma a riƙa duba gindi saboda gara.

Maman Usman:

Kai Allah ya saka da alheri, Baba, Inna, ƙanena na Jidda nagode ƙwarai. Na karanta wa maigida jiya da dare, maganar tsagewar bango ce ta kama shi, ya janye damas, ya yarda da hanyar bulo, Juma'a zamu je mashtal mu ga farashin lemon. Da na faɗa wa tsohuwa zancen soso sai tace tana da iri a ƙulle cikin kayanta tun daga ƙauye. Inna Mai Wurno saura tambaya ɗaya, zogalen nan reshe zan kafa ko iri zan shuka, maƙwabciyata tace zata sara min nata in ina so.