"Da zaman banza gara aikin kishiya": yabo ne ko rashin mafita?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Maganar nan ce ta raba wasu dattawa biyu a majalisar bayan La'asar ta unguwarmu. Ɗaya tsohon darakta ne, ya cika shekara 35 ya ajiye aiki, sai aka sake kiransa kwantiragi a ma'aikatar da ya bari, ƙarƙashin yaron da shi ya ɗauka aiki. Amininsa ya ce wannan zubar da girma ne. Shi kuwa ya ce da zaman banza gara aikin kishiya. Aminin ya ce madalla, da bakinka ka faɗa, aiki ne da ba lada ba godiya. Yanzu ba sa zama tabarma ɗaya. Wa ya fi gaskiya?

Malam Na Ƙofar Mata: Wa alaikumus salam. Duk inda ka ji "da kaza gara kaza", abu biyu marasa daɗi aka ɗora a sikeli. Da babu gara ba daɗi, da hanau gara mannau. Babu yabo a ciki. Kuma Bahaushen da ya faɗi wannan shi ne ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Aminin daraktan da ya jefa masa wannan da an tashi canjaras.

Maman Sadik: Ku maza kun ari maganarmu kuna yafawa ba ku san nauyinta ba. Mace ba ta faɗinta don ta ce aiki abu ne mai kyau. Habaici ne. Ana faɗinta ne kishiyar na ji, ana tankaɗe mata gari ana gaya wa bango.

Malam Na Ƙofar Mata: Hajiya, kenan daraktan ma habaici ya yi wa yaron nasa?

Maman Sadik: Ka tambaye shi mana, Malam.

Alhaji Mai Kaji: Ni abin da ke ba ni tsoro da maganar nan daban ne. Tsoron a ce yana zaman banza shi ke sa ɗan fansho ya kwashi giratutinsa ya zuba a kaji a watan farko. Wanda bai taɓa kiwo ba ya fara da tsaki 50, iyaka 100. Lissafin a fili yake: kazar gidan gona mai nama tana cin kilo 4 zuwa 5 kafin sati 6 ko 7, tsaki 100 buhu 16 zuwa 20 kenan na mai kilo 25. In kuɗin abincin nan ba ya hannunka tun ranar farko, kada ka karɓi tsakin. Sati biyun farko ɗumi suke so, murhun gawayi ko fitila, a zagaye su da kwali, amma a bar kafar iska don hayaƙin gawayi yana kashe su cikin dare. In sun cure wuri guda suna kuka sanyi ne, in sun watse jikin bango suna haki zafi ya yi yawa. Rigakafin Gumboro da Lasota a ruwan sha ake bayarwa: a ɗauko shi cikin ƙanƙara, a janye musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu don ƙishi ya kama su, kada a haɗa da ruwan famfo mai magani, su shanye kafin awa biyu. Ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa musu in ya jiƙe aka bar shi, gudawar jini ce za ta biyo. Babban kuskuren kuwa kasuwa: ana neman mai saye ne kafin su isa, domin daga sati 7 duk abin da suka ci ribarka suke ci.

Ɗan Rimi: Wato ka yi wa kamfanin abincin kaji aiki wata biyu. Ga aikin kishiya na gaskiya nan.

Alhaji Mai Kaji: Masu ƙwai ma sun fi wannan cin haƙuri. Sai sati 18 zuwa 20 za ka ga ƙwan farko, kuma kaza 100 buhu ɗaya suke tashi da shi duk kwana biyu.

Ɗan Rimi: Akwai waɗanda ba ruwansu da wannan lissafi. Shekara 8 a gidan gwamnati, daga nan sai majalisar dattawa a je a huta, ga fansho da motoci da gida da 'yan majalisar jiha suka sa wa hannu cikin rabin yini. Su nasu zaman banzan ma da alawus.

Tsohon Hedimasta: Shi kuma wanda ya koyar da su ABCD yana layin tantancewa da sanda, ya zo ya tabbatar wa kwamfuta bai mutu ba.

Baban Ilham: Jama'a a dawo kan karin magana don Allah.

Jikar Inna: Bari in ba ku na kakata, Allah ya jiƙanta, don ita a zahiri ta yi shi. Inna ce uwargida. Kakanmu ya bar aikin gwamnati, fanshon ba ya kai su ƙarshen wata, amma kullum bayan Asuba sai ya sa rigarsa mai guga ya ɗauki rediyo ya zauna a zaure kamar mai jiran mota. Amaryarsa, Gwaggo, 'yar gidan masu daddawa ce. Ita Inna ba ta da sana'a, sai ta riƙa kama wa Gwaggo aiki ba sisi ba kwabo. Wanda ya san daddawa ya san aikin dare ne. Kalwa tun Magariba ake ɗora ta, ana iza itace ana ƙara ruwa har gari ya waye kafin ta yi laushi. Inna ce mai kwana bakin murhu. Da safe a zuba a turmi da ɗan toka a surfa, a wanke ɓawon ya taso a kwashe, a tsince wadda ba ta fashe ba, a sake dafawa da kanwa. Sai a tsane ta, a juye da zafinta a kwandon da aka shimfiɗa wa ganye, a lulluɓe da buhu da tsummoki a kai ɗaki kwana 2 zuwa 3. A nan sirrin yake, kuma nan ne Gwaggo ba ta bari kowa ya taɓa. In ta huce kafin a rufe ko iska ta shiga, ba za ta nuna ba, ta yi tauri ba ƙamshi. In ba a tsane ruwan sosai ba ta lalace ta yi tsutsa. Matan unguwa suna yi wa Inna dariya, wai uwargida ta zama baiwar amarya. Amsarta ɗaya ce, wannan karin maganar taku. Aka yi shekaru a haka, sai auren Gwaggo ya mutu, ta koma garinsu. Ranar kasuwa ta zagayo, 'yan sari suka yi sallama kamar kullum, Inna ta fito musu da daddawa a faifai. Ashe duk daren nan idonta na kan hannun Gwaggo. Da wannan sana'a ta aurar da 'ya'ya mata huɗu, biyu a cikinsu na Gwaggo ne. Ita kuwa Gwaggo har ta rasu tana cewa Inna sata ta yi mata, duk da ba a taɓa tsallake Sallah ba a kai mata atamfa da ƙullin daddawa daga gidanmu ba. Tana karɓa, ta ɗanɗana, ta ce kanwa ta yi yawa.

Maman Sadik: Allah ya jiƙansu. Kun ga abin da nake faɗa. Inna ba tausayi take yi ba, makaranta ta shiga.

Malam Na Ƙofar Mata: A'a Hajiya, kada mu zarge ta da abin da ba mu sani ba. Wataƙila da zuciya ɗaya ta yi, Allah ya saka mata.

Tsohon Hedimasta: Ni Malam mai rediyo nake tambaya. Shi me ya ƙare da shi?

Jikar Inna: Shi ya koma rubuta musu bashin 'yan sari a littafi, da jan biro da shuɗi. Ya kuma ce shi ne manaja.

Ɗan Rimi: Shugaban kwamitin amintattu kenan. Irin muƙamin da ake ba wanda ya faɗi zaɓen fid da gwani.

Likitan Dabbobi: Ga wanda ƙarfinsa ya ragu, tumaki sun fi kaji sauƙi, don ba a kwana a kansu. Rago 2 ko 3 sun isa gwaji. A saya wata 3 zuwa 4 kafin Babbar Sallah, ramamme mai ƙashi amma idonsa garau, ba majina, gindinsa ba zawo. A buɗe bakinsa: in manyan haƙora biyu sun fito a gaba ya haura shekara. Balami da Uda sun fi girma, 'Yankasa ya fi juriya da sauƙin ci. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ta Wudil ranar Juma'a, amma a tafi da wanda ya san dillalai. Da an kawo shi gida maganin tsutsar ciki da allurar rigakafin PPR, annobar tumaki da awaki, a ware shi daga na gida kamar sati biyu. Harawa da kowa, wato ɓawon wake, a saye su da kaka a adana inda ruwa ba ya taɓawa, don da bazara kuɗinsu ya ninka. Dusa da angurya kaɗan-kaɗan ake farawa ana ƙarawa. Wanda ya cika masa kwano ranar farko ko ya ba shi ragowar tuwo mai yawa, kumburin ciki zai kashe masa shi. Ɗan kanwa da gishiri, ruwa mai tsabta kullum. Sannan a share leda a gidan, don ragon da ya ci leda yana ci yana ramewa, sai an yanka a gane.

Tsohon Hedimasta: A ƙara da wannan. Wanda ke sabon tsarin fansho na 2004, wanda aka gyara a 2014 ya koma kashi 8 daga ma'aikaci kashi 10 daga mai aiki, wani kaso kawai ake ba shi a dunƙule, sauran a riƙa gutsuro masa wata-wata. Tsakanin ajiye aiki da fara biyan kuma akan ɗau lokaci. Saboda haka kiwo ko lambu ana fara shi ne tun saura shekara 2 ko 3, albashi na shigowa yana rufe kuskure. Malaman makaranta da dokar 2022 ta ƙara wa zuwa shekara 65 ko 40 na aiki, su yi amfani da ƙarin nan. Kuma ban yarda jikoki da karatun allo da gyaran masallaci zaman banza ba ne don kawai ba a biya.

Baban Ilham: To daraktan namu fa, ya ci gaba ko ya bari?

Maman Sadik: Ya danganta da ko yana kallon hannun yaron ko yaron ne ke kallon nasa.

Ɗan Rimi: Nawa ne kwantiragin tukuna? Kada mu yi ta tausayin mutumin da ke karɓar fansho da albashi a wata ɗaya.

Alhaji Mai Kaji: Likita, angurya a bana ta yi tsada a wajenmu. In an maye ta da dusar wake ragon zai yi ƙiba daidai, ko sai an haɗa da ƙuliƙuli?