Tambaya a kan kondansatar 105J 400V ta fitilar caji

Salamu alaikum, malamai masu gyaran kayan lantarki. Daga Damagaram nake neman taimako.

Fitilar caji ce ba ta cika batir. Kondansatar da ke rage wuta, jar nan mai ƙafa biyu, an rubuta mata 105J 400V. 105 na nufin 10 da sifili biyar a pF, wato 1µF (pF da µF ma'aunin girman kondansata ne). J kuma kashi 5 cikin ɗari ne sama ko ƙasa, ke nan lafiyayya ba za ta fita daga 0.95 zuwa 1.05 ba. Na cire ta daga allo, don rezistan da ke haɗe da ita na rikita awo, mita ta nuna 0.62µF. Ta gaji.

Wadda na samu a kasuwar Dole rawaya ce mai kusurwa huɗu: 1µF K 275V~ X2. K bai dame ni ba, kashi 10 ne. 275 ɗin ne ya tsaya mini a rai, tunda wutar 220V kan haura 310V a ƙololuwarta. Alamar ~ na nufin an riga an lissafa wannan, har ta maye gurbin 400V? Ko in nemo mai 2G105J, wato irin tsohuwar, tunda 2G na nufin 400V? Don Allah a warware mini.