Dasashin yayana yana rufe masa haƙora

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana, muna zaune da shi a unguwar Nima ta Accra, an yi masa dashen ƙoda, yana shan cyclosporine, maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, da kuma amlodipine na hawan jini. Yanzu dasashinsa ya kumbura har ya hau kan haƙoran gaba. Ko tuwo ya ci sai jini, asuwaki kuwa ya gagara.

Likitan haƙori ya kankare dattin, ya ce magungunan biyu ne suka haɗu suka jawo. Daina cyclosporine ba zai yiwu ba, jiki zai ƙi ƙodar. An ce ana iya komawa tacrolimus, wani maganin mai aiki irin na cyclosporine, wasu azithromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya rage musu kumburin, wasu sai an yanke naman.

Don Allah wanda aka yanke wa, ya sake tsirowa? Kuma likitan ƙoda za mu fara gani?